Gudun Mubi na 2014: abin da ƙaramin coci ya yi mana da abin da babba ya yi

Ranar Lahadin da ta wuce bayan an tashi sujada na tarar da matasanmu a gindin darbejiya sun kaure da gardama, wai tsakanin manyan coci da ƙanana wanne ya fi riƙe talakan mai bi, ba maganar wa'azi ba fa, maganar tuwo da kuɗin haya da kuɗin asibiti. Wani ya ce ai babba ne mana, wanda ke tara baiko mai kauri a sujada ɗaya, wani ya ce haba, a babban coci ko ka mutu sai an yi wata kafin a lura ba ka nan. Na tsaya na saurare su ban ce komai ba, don yawancinsu suna firamare lokacin da Boko Haram ta tarwatsa mutanen Mubi, amma ni wannan gardama ba a baki na san ta ba, a tsakar gidana na gan ta a Jimeta a ƙarshen 2014, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya gudana.

Ga wanda bai san yankin ba, arewacin Adamawa da kudancin Borno, su Michika, Madagali, Mubi, Hong, Uba, Askira, Lassa, Chibok har Gwoza, nan ne gidan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A 1923 ne Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida, kuma tun daga farkon nan aikin bai taɓa tsayawa a wa'azi zalla ba, an yi asibiti a Garkida da Lassa, an yi wurin jinyar kutare, an yi makarantu. Tsarin ekklesiyar kaman tsani yake, akwai ɗan reshe a ƙauye, sai cikakken coci mai majalisarsa da ake kira LCC, sai gunduma da muke ce wa DCC, sai hedkwata a Kwarhi kusa da Mararrabar Mubi, kuma kowane coci na ƙasa yana tura wani kaso na baikonsa zuwa sama. Wato aljihun babba da kuɗin ƙanana ake cika shi, a riƙe wannan don za mu dawo kansa.

A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok. A Agusta Gwoza ta faɗi hannun Boko Haram, sai Madagali, farkon Satumba sai Gulak da Michika da Bazza, jama'a suka kwararo Mubi suna ganin ai nan babban gari ne ba za a iya taɓa shi ba. Ranar Laraba 29 ga Oktoba aka shiga Kwarhi da Mubi. Hedkwatar da kowa zai ɗaga kai ya duba ita kanta ta zama 'yar gudun hijira, shugaban ekklesiya na lokacin Rabaran Samuel Dante Dali da ma'aikatansa da ɗaliban makarantar Baibul ta Kulp kowa ya yi ta kansa, daga baya aka buɗe ofis na wucin gadi a Jos. A 2020 shugaban da ya gaje shi, Rabaran Joel Billi, ya ba da lissafi a Yola cewa an kashe membobi sama da 8,370 da fastoci 8, sama da 700,000 sun bar gidajensu, coci 300 cikin 586 an ƙona ko an rusa, gundumomi 7 kacal cikin 60 ne abin bai shafa kai tsaye ba, kuma 217 cikin 'yan matan Chibok 'ya'yan ekklesiyar ne. To ka ga a makonnin farkon nan babu wani babba da zai miƙo hannu, ƙananan da ke cika masa aljihu sun ƙone, shi kansa yana kan hanya da jaka a ka.

Gwaggona, ƙanwar babana, gwauruwa ce tun kafin rikicin. Daga ƙauyensu a ƙasar Michika ta gudo Mubi a Satumba, daga Mubi kuma ta sake gudu a ƙarshen Oktoba da jikoki uku, ɗanta ya bi ta dutse ya faɗa Kamaru ba su sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan watanni. Tsakanin Mubi da Yola tafiyar wajen kilomita 200 ce ta Hong, Gombi, Song, Girei, wani wuri a ƙafa cikin daji wani wuri a bayan motar kaya. Da ta iso ƙofar gidana ƙafarta ta kumbura, zani ɗaya ne a jikinta, ta ɗaure Littafi Mai Tsarki da katin zumuntar mata a ɗankwali. Kuma ba ita kaɗai ba, cikin kwana huɗu gidana mai ɗaki biyu da falo ya koma mutum goma sha tara, maza na kwana a tsakar gida kan tabarma, mata da yara a ciki. Albashina na malamin makaranta ne. Buhun masarar da muka saba ci wata biyu bai kai kwana goma ba.

Cocinmu na unguwa ƙarami ne, rufin langa-langa, benci ba kujera ba, in mun cika makil ba mu kai ɗari biyu ba har da yara. Babu wanda ya kira taro ko ya kafa kwamiti a ranakun farko. Abin da na tuna shi ne rana ta biyar da yamma matar fastonmu, Mama Fasto, ta shigo gidanmu ba sallama mai tsawo, ta wuce kai tsaye madafa ta taɓa murhu da hannunta ta ji sanyi, ta juyo ta ce wa matata, "'Yata, tun safe ban ga hayaƙi a gidan nan ba, me ya sa ba ki aiko ba?" Matata ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, kowa ai yana da nasa baƙin." Ba ta ƙara magana ba ta fita, kafin duhu ya yi sai ga 'yan mata biyu da kwanon garin masara da ƙullin kuka da daddawa da ɗan manja a kwalbar lemo. Ranar Alhamis a taron zumuntar mata aka yanke cewa kowace mace duk ranar taro ta zo da mudu ɗaya na abin da take da shi, masara ko dawa ko shinkafa ko wake, wadda ba ta da hatsi ta kawo itace ko sabulu. Mama Fasto ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta bi gida gida tana rubuta baƙin kowa, sunansu, garinsu, mai ciki, mai shayarwa, tsoho mai hawan jini. Dattawa suka buɗe ɗakin makarantar Lahadi wa iyalai huɗu da ba su da kowa a gari, aka taɓa kuɗin da muka shekara uku muna tarawa don ginin sabon coci aka sayi hatsi da tabarmi da gidan sauro. Wani maƙwabcinmu musulmi mai shagon kayan masarufi, wanda shi ma 'yan'uwansa sun cika masa gida daga Mubi, ya buɗe mana wani shagonsa da ba kowa ya ce maza su riƙa kwana a ciki, bai karɓi ko sisi ba.

Ina dagewa a kan wannan wurin ne saboda shi ne ba ya shiga rahoto. Ƙididdigar da hukumar ƙaura ta duniya IOM ta riƙa fitarwa a 2015 ta nuna kusan tara cikin goma na 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suke ba, a gidajen mutane suke. Wato abin da ake gani a talabijin, su sansanin Malkohi da na masu yi wa ƙasa hidima a Damare, ɗan ƙaramin yanki ne na abin. Sauran suna cikin falo irin nawa, kuma wanda ya san suna nan ba kowa ba ne sai irin su Mama Fasto da limamin masallacin unguwa da mai unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu babban cocin da zai iya sanin cewa murhun gidana ya yi sanyi, ko da kuwa yana da niyyar alheri kaman me, kuma gwaggona irin matan nan ne da za su gwammace su kwana da yunwa da su buɗe baki su ce ba su ci ba.

Amma fa ƙarfin mudu iyakarsa ke nan. Zuwa Kirsimeti matan da ke kawo mudu sun koma kawo rabi, wasu sun daina zuwa taro don kunya. Kuɗin gini ya ƙare. Kuma akwai wani aibi da ya kamata mu faɗa da bakinmu, ƙaramin coci nasa ya sani, in ka zo kana jin yaren da yawancin membobi ke ji, ko kana da dangi a ciki, nan da nan an rungume ka, in kuwa kai baƙon yare ne daga wata ɗarika dabam ba ka da wanda zai ce wannan nawa ne, sai ka ga an gaishe ka da fara'a amma sunanka bai shiga littafi da wuri ba. Na ga haka da idona a kan wata mata da 'ya'yanta biyu da suka yi kwanaki suna kwana a barandar wani shago kusa da mu, kowa na tsammanin ai wasu ne ke kula da ita. Har yau abin yana damuna.

Irin waɗannan da ba su da kowa, manyan wurare ne suka kwashe su, wannan gaskiya ce da masu zagin manyan coci ba sa son ji. A babban cocin Katolika na Santa Tereza da ke Jimeta, Bishop Stephen Dami Mamza, shi kansa ɗan Bazza ne, ya buɗe harabar cocin da azuzuwa da dakunan taro dubban mutane suka shiga, ba a tambayar ɗarikarka, har musulmi sun kwana a wurin. Jami'ar Amurka da ke Yola tare da ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda ta haɗa malaman musulunci da shugabannin kirista, sun yi ta raba abinci ta hannun coci-coci da masallatai. Wuri mai katanga da fili da rijiyar burtsatse da janareta da asusun banki da wayar da za a buga Turai a ɗauka, wannan ba abin da cocin langa-langa zai iya ba ne ko da membobinsa sun sayar da rigunansu.

Sai dai girma iri biyu ne, kuma a nan ne nake ganin matasanmu suka ruɗe. In an ce babban coci hankalinsu na tafiya kan gini, irin Faith Tabernacle na Ota mai ɗaukar mutum 50,000 ko Glory Dome na Abuja mai ɗaukar 100,000. Ni girman da na ga ya yi aiki ba na yawan kujeru ba ne, girma ne na hanya, wato ko akwai tsanin da kaya zai bi ya sauko daga sama har zuwa hannun matar da ta san murhun kowa. Na ga inda babu wannan tsani. Wani babban coci a cikin gari, ba zan faɗi suna ba, ya sanar da rabon kayan agaji, gwaggona ta tashi tun asuba ta hau Keke Napep da kuɗin da na ranta, ta tsaya a layi cikin rana har azahar, an jera buhunan shinkafa an kafa rumfa ana ɗaukar hoto, da aka zo kanta wani saurayi mai riƙe da fom ya ce, "Kaka, wane sansani kike?" Ta ce, "Ɗana, ina gidan ɗan wana ne." Ya ce ai sunayen 'yan sansani kawai aka ba su, ta yi haƙuri. Ban zargi yaron ba, abin da aka rubuta masa ya bi, kuma kayan nan sun shiga cikin mabukata na gaskiya. Amma ta dawo hannu wofi ta zauna a bakin ƙofa ba ta ce komai ba, da dare ta ce mini, "Ɗana, kar ka sake tura ni irin wurin nan." Ba ta sake zuwa ba kuwa.

Ga kuma inda tsanin yake. Da hedkwata ta ɗan samu zama a Jos aka kafa sashen agaji, 'yan'uwa na Cocin Brethren a Amurka suka buɗe asusun rikicin Najeriya suka tara miliyoyin daloli cikin 'yan shekaru, ƙungiyar mishan ta Mission 21 ta Basel a Suwizalan ita ma ta sa hannu, ga ƙungiyar CCEPI ta Dokta Rebecca Dali da ta maida hankali kan gwauraye da marayu. Lokacin da kayan suka fara isowa gundumarmu, sakataren DCC bai ce kowa ya zo ya yi layi a fili ba, cewa ya yi kowane coci ya kawo sunayen baƙinsa. Littafin Mama Fasto mai bangon da ya yage shi aka kwafa. Gwaggo ta karɓi nata a cikin cocinmu, a hannun matan da take waƙa da su, aka kira sunanta ta tashi ta ɗauka kaman yadda ake karɓar rabon gwauraye lokacin baikon kaka a ƙauye, babu hoto babu kunya. Buhu ɗaya ne irin wancan da aka hana ta, amma hanyar da ya biyo dabam.

Sai maganar ciwo. A farkon 2015 ƙaramin jikanta ya kwanta, likita ya ce sai an yi masa aiki a ciki. An yi baiko na musamman a cocinmu, Allah ya sani mutane sun yi iya ƙoƙarinsu, na ga tsohuwa ta kwance bakin zani ta zuba tsabar da ke ciki, amma da ma'aji ya ƙirga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba. Baba Fasto ne ya rubuta takarda ya kai gunduma da ƙafarsa, ya koma sau uku, aka cika sauran daga kuɗin agaji. Da cocinmu kaɗai ne da yaron nan bai tashi ba, da kuma babu Baba Fasto da ya san yaron ya san kakarsa ya ɗauki abin a kansa, da kuɗin na can a asusu ba su san da wani yaro ba.

Abubuwan da suka daɗe kuwa duk manya ne suka yi su. Gidajen da EYN ta gina wa 'yan gudun hijira a Masaka kusa da Abuja, ƙauyen Gurku a Nasarawa da Markus Gamache ya jagoranta inda kirista da musulmi ke zaune tare, irin shuka da takin zamani da kwanon rufi ga waɗanda suka koma gida, taron warkar da raunin zuciya. Iyalan da suka rage a harabar Santa Tereza waɗanda garuruwansu ba su komu ba sun yi wajen shekara bakwai a wurin, har a Afrilun 2021 dayosis ɗin ya buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei da taimakon ƙungiyar Katolika ta Missio ta Jamus, da makaranta da coci, Bishop Mamza ya gina wa musulmin cikinsu masallaci, wasu kirista sun yi ta surutu a kai amma ni ina ganin daidai ya yi, mutanen da suka gudu tare suka yi yunwa tare. Shekara bakwai kana ciyar da mutum, ba aikin mudu ba ne.

Duk da haka in aka matsa mini in zaɓa, zuciyata na wajen ƙaramin, ba don ya fi ƙarfi ba, don shi ya fara, shi ya fi jin jiki, kuma shi aka manta. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a wasiƙa ta biyu sura 8 game da ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin matsanancin talaucinsu har fiye da ƙarfinsu, duk lokacin da aka karanta wurin nan matan zumuntarmu nake gani. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da masu bi suka yi yawa a Urushalima nan da nan aka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Girkanci a rabon abinci na kullum, sai da aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin, ka ga matsalar yare da tsallake wani a layi ba yau ta fara ba. Abin da ban taɓa ganin an yi lissafinsa ba shi ne masu masauki. Duk fom ɗin da ya zo sunan ɗan gudun hijira yake tambaya, babu layin da aka rubuta mai gidan da ya sayar da babur ɗinsa, ko matar da ta cinye jarin ƙosanta, ko malamin da 'ya'yansa suka yi zango guda a gida don kuɗin makaranta ya tafi a masara. A cocinmu na san gidaje da dama da ba su farfaɗo ba sai bayan shekaru, kuma harsashin sabon ginin nan ciyawa ta rufe shi har muka daina maganarsa a taron dattawa.

Gwaggo ta koma ƙasar Michika gab da daminar 2016, shekarar da hedkwata ita ma ta koma Kwarhi. Ta tarar da bango babu rufi, sunanta ya shiga cikin waɗanda aka ba kwano da irin masara ta hannun cocin ƙauyensu da a lokacin a gindin itace suke sujada. Ɗanta ya dawo daga sansanin Minawao na Kamaru daga baya.

Abu ɗaya da ya canja a cocinmu shi ne ba mu bar mudun nan ya mutu ba, Lahadin farko na kowane wata kowane gida na kawo nasa, akwai ɗan ɗaki da muka keɓe da makulli a hannun mata biyu da dattijo ɗaya, kuma dattawa sun sa a rubuce cewa baƙo ko wane yare yake ji ko wace ɗarika ya fito a rubuta shi ranar da aka gan shi, a rubuta mai masaukinsa a gefe. Da aka kai hari Garkida ranar 21 ga Fabrairun 2020 aka ƙona cocin EYN da na Angilika da na Living Faith, wasu iyalai sun sake sauka a unguwarmu, biyu daga cikinsu ma ba 'yan ɗarikarmu ba ne. A daren da suka iso aka buɗe ɗakin hatsi, kafin sati ya zagayo Baba Fasto ya kai sunayensu gunduma, har da na gidajen da suka sauke su.